A Bar Iri, In Ji Kawu Ilu

Kawu Ilu bai taɓa cinye tuwo ba. Duk wanda ya taɓa cin akushi ɗaya da shi a cikinku zai ba da shaida. Kome yunwar da yake ji, in aka zo lomar ƙarshe sai ya janye hannu, ya kuma cafke hannun na kusa da shi, ya ce, "A bar iri." Sa'an nan ya ɗauki lomar ya kai gindin danga ya ajiye, ya dawo ya wanke hannu kamar wanda ya sauke farali. Kaji su tsattsaga, tururuwa su kwashe saura, ƙadangare ya sauko ya lashe tururuwar. Shi kuwa yana zaune yana gyaɗa kai, sai ka ce mai gida ne ya tara baƙi suna cin abincinsa.

Kafin in yi nisa bari in faɗi abin da ya dame ni. Sai da na je wurin liman na tambaye shi ko ba da labarin mamaci har a yi dariya yana cikin giba. Ya ce in dai gaskiya ce, kuma mai ita ba zai ji haushi ba da yana raye, babu laifi. Da na isa gida sai na tuna ban gaya masa har da labarin matar mamacin ba, na koma. Ya ce, "Haruna, don Allah je ka rubuta, ka bar ni in yi alwala." Ba a banza Kawu yake kirana Sarkin Zullumi ba. Saboda haka in na ƙara ko na rage, Allah ya yafe mini, waɗanda suka fi ni sani kuma su gyara.

Don yaran da suka taso daga baya: Kawu Ilu wan mahaifiyarmu ne. A gidansa muka girma ni da ƙanena Garba, domin shi da matarsa Inna Hansai Allah bai ba su haihuwa ba. Da damina manomin shinkafa ne a fadamar garinmu, gabas da Hadejia ta wajen Baturiya, da rani kuma masunci. Wannan magana tasa ta barin iri ba a tuwo kaɗai ta tsaya ba. Shekarar da aka samu mulkin kai, kowa ya je aski don biki, Kawu ya zauna gaban Tanko wanzami. Aska ta zagaye kai tas, saura ɗan tsiro bayan kunnen hagu, sai Kawu ya ɗaga hannu.

"Dakata nan. A bar iri."

"Haba Malam Ilu! Gashi ai ba gero ba ne. Ko na kwashe duka zai fito."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata mana. Aikina ne tun ina yaro."

Kawu ya juyo ya dubi kan Tanko, wanda sanƙo ya cinye tun daga goshi har ƙeya, rana na walƙiya a kai. Ya ce, "Kai ma haka aka gaya maka ko?"

Da tsiron nan bayan kunne ya yi bikin, da shi kuma aka binne shi.

Amma inda maganar ta fi ƙarfi shi ne a tafkinsa, kuma a kan tafkin nan ne ya kusa rasa ransa, shi ya sa nake so ku riƙe shi a zuciya. Wurin mahaifinsa ya gaje shi. Yana can ƙarshen gonar shinkafa, ƙarƙashin wata tsohuwar giyayya. Da damina in kogi ya cika ya malalo fadama, ba ka gane tafkin, duk an zama ruwa ɗaya. In ruwa ya janye sai kifi su maƙale a tafkuna, kowane mai tafki ya sa ranar su, wato kamun kifi, a shiga da koma da gora a kwashe ƙarƙaf, har a bi gaiwa a tono ta daga cikin laka inda take kwanciyar rani. Na Kawu kuwa rabi ake kamawa. Daga giyayya zuwa gabas, ko ɗan tarwaɗa ba a taɓawa. Shi ya sa garin duka ke ce masa Tafkin Iri.

Ba kifi kaɗai ke zaune a can ba. Akwai kwaɗi, akwai kunkuru, akwai guza da ke shan hantsi a kan saiwa, balbelu kuwa sun mai da giyayyar masauki har ganyenta ya yi fari da kashinsu. Ga kuma shanun Jauro Bello, Bafulatanin da ke sauka kusa da mu kowane rani. Sauran masu tafkuna korarsu suke yi, wai suna dama ruwa. Kawu kuwa har hanya ya share musu.

Na taɓa ce masa, "Kawu, kyauta suke sha ke nan?"

"Wa ya ce kyauta? Saniya ta sha, ta biya."

"Da me?"

"Da kashi mana, Sarkin Zullumi! Kashin ya jiƙa, ruwa ya yi kore, ƙananan abubuwa su fito, kifi ya ci ya yi ƙiba. Balbela ta bi saniya tana cin fara, farar da za ta sauka a gonarka. Ta dawo ta kwana a giyayya, ita ma ta zuba nata kason a ruwa. Kai kuma ka zo da baki kawai."

"To in aka kori shanun fa?"

"Kore su ka gani. Sauran halittun za su zo ƙofar ɗakinka su tambaye ka ina suke."

Na daɗe ina tunanin wannan magana. Gaskiya har ta hana ni jin daɗin jifan balbela, abin da duk ɗan fadama ke yi ba tare da tunani ba.

Wadda ta fi kowa shan wahalar wannan ra'ayi ita ce Inna Hansai. Wata safiya ta je ɗibar hatsi, sai muka ji ihu.

"Malam! Malam! Fito da sanda!"

Ashe wata ƙaramar mesa ce ta tare ƙarƙashin rumbu. Kawu ya fito ba sanda, ya tsuguna ya leƙa, ya ce, "Sannu da zuwa."

"Innalillahi! Gaishe ta kake yi?"

"Baƙuwa ce, Hansai. Tsaya in tambaye ki. Kwanan nan kin ji motsin ɓera a rumbu?"

Inna ta tuna, lallai ba ta ji ba.

"To kin ga mai gadi ke nan. Allah ya aiko mana ba mu nema ba."

"Gidan nan dai ya zama jirgin Annabi Nuhu, alaihissalam! Saura kura ta zo ka shimfiɗa mata tabarma."

Mesa ta zauna. Ni dai Allah ya sani ban taɓa yarda da ita ba, tsawon zamanta ta bayan ɗaki nake zagayawa in zan fita. Ana nan ana nan, ran nan kazar Inna mai kwanci ta ɓace, mesa kuma ta yi wani tudu a tsakiya wanda ba na ɓera ba ne.

"Malam, baƙuwarka ta haɗiye mini kaza!"

"Hansai, ma'aikaci yana aiki ba lada?"

"To ta je ta ɗauki ladanta cikin awakinka! Ni na ɗauke ta aiki?"

Inna ta yi haƙuri har ranar da Kawu ya tafi cin kasuwar Hadejia, ta kira Garba, Garba kuwa dama neman dalili yake, nan take ya kashe mesar. Da Kawu ya dawo ya leƙa ƙarƙashin rumbu, ya ga wayam. Ran nan ko lomar farko bai ci ba, balle a kai ga ta ƙarshe.

Kafin shamuwa ta dawo ɓeraye sun mai da rumbun nan kasuwa. Suka ci shinkafar shuka, suka ci gyaɗar Inna, suka shiga adakarta suka yi wa zanen sallarta tagogi. Wata safiya tana share ɓawon shinkafa a tsakar gida, Kawu yana gyaran koma a inuwa. Ba ta dube shi ba, tsintsiya kawai take kallo. Ta ce, "Malam."

"Na'am."

"Wannan baƙuwar taka ta rannan... ba ta bar iri ba?"

Kawu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da na kawo masa ruwa.

Sau ɗaya tak na taɓa ƙure shi, kuma ban yi don rashin kunya ba, zafin ciwo ne. Na yi aure a lokacin, matata na da ciki, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni a tsakiyar damina. Kawu ya zo duba ni. Ina rawar sanyi na ce, "Kawu, ka ce kowace halitta da aikinta. Sauro fa? Shi ma a bar iri?"

Sai ya ɗauki takalmansa ya fita, ko Allah ya sawwaƙe bai ce mini ba. Na damu ƙwarai, na ɗauka na ɓata masa rai. Na aika matata ta ba shi haƙuri, ya ce mata ba fushi yake ba, aiki aka ba shi.

Daga ran nan aka riƙa ganinsa tsugune bakin kowane kududdufi, ya ƙura wa ruwa ido kamar wanda allurarsa ta faɗa ciki. Mutane suka fara cewa Ilu A-bar-iri dai abin ya ƙarasa. Aka yi girbi, matata ta sauka lafiya, namiji. Ranar suna da sassafe ƙofar gida ta cika, an raba goro, an raɗa wa liman suna, ya ɗaga hannu zai yi addu'a, wuri ya yi tsit. Sai muryar Kawu ta tashi daga can baya:

"Karfasa!"

Liman ya sauke hannu. "Malam Ilu, Musa aka ce mini."

"Ba da kai nake ba, Allah gafarta malam. Haruna! 'Ya'yan sauron nan masu mutsu-mutsu cikin ruwa, ƙananan karfasa ke cinye su! Da idona na gani! Sauro ya ci ka, kifi ya ci ɗansa, kai ka ci kifi. An biya kowa!"

Ya zauna yana haki, fuska cike da annuri, ya ce wa liman, "Bismillah, ci gaba."

Ni kuwa kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. An dai raɗa wa yaro Musa, amma ku kun sani, har yau da yake da nasa 'ya'yan, in ka shiga garinmu ka tambayi gidan Musa ba wanda zai gane. Sai ka ce gidan Karfasa.

Yanzu na zo kan shekarun fari, kuma a nan ina roƙon Garba ya yi haƙuri. Na karanta masa wannan wuri kafin kowa ya gani, ya ce in bar shi yadda yake.

Waɗanda suka ga lokacin ba sa bukatar a tuna musu. Damina ta zo ba ruwan kirki, kogi bai malalo ba. Ta gaba ma haka. Shinkafa ta tsiro ta ƙone a tsaye. Tafkunan fadama suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya, laka ta tsattsage, aka tono gaiwar da ke ciki aka cinye. Mata suka koma tafasa ganye. A duk kewayenmu babu inda ruwa ya rage sai Tafkin Iri, don yana da zurfi kuma giyayya ta yi masa inuwa. Nan muke ɗiba, nan shanun Jauro Bello da suka rage suke sha, nan tsuntsayen da ban taɓa gani ba suka taru kamar 'yan gudun hijira.

Garba a lokacin yana tuƙa motar kaya tsakanin Kano da Hadejia, iyalinsa suna gida tare da mu. Ya dawo ya tarar da 'ya'yansa sun rame, idanu sun faɗa. Da ya sake dawowa sai ya zo da wani gwangwani na maganin ƙwari, irin wanda ake fesa wa auduga. Ya ce ya ga yadda ake yi a wani wuri: a tsiyaya a ruwa, kafin rana ta take duk kifin da ke ciki ya taso sama, babba da ƙarami, sai kwasa. Ya gaya wa magidanta, suka yarda a yi da safe ba tare da an sanar da Kawu ba, tunda tsufa ya kama shi, gwiwoyi sun hana shi zuwa fadama kullum. Ba mugunta ba ce. Yunwa ce.

Ni aka bari da zullumi. In na yi shiru, na ci amanar wanda ya rene ni. In na faɗa, na kai ƙarar ɗan'uwana, ga kuma nawa 'ya'yan su ma da yunwar. Ga tunanin ruwan da za mu sha bayan an zuba. Na je ƙofar Kawu na dawo, na je na dawo. Inna Hansai ce ta gan ni ta ce, "Kai Haruna, ko ka shigo ko ka tafi, ka ishe ni da sintiri." Na shiga na faɗa.

Kawu bai yi faɗa ba. Ya ce in miƙo masa sandarsa.

Muka isa hantsi ya fara zafi. Mutane sun kewaye tafkin da kwanduna da ƙorai, har Bulama mai garinmu yana wurin, yana kallon wani gefe kamar wucewa ya zo yi. Garba na tsaye bakin ruwa da gwangwani a hannu. Kawu ya yi sallama, aka amsa a sanyaye. Ya tuɓe rigarsa, ya ninke ta tsaf, ya miƙa mini. Ya gyara zaman hula. Sai ya taka cikin ruwa a hankali, yana dogara sanda, ya je tsakiya ya zauna. Ba abin da ake gani sai kai da hula da tsiron nan na bayan kunne.

Ya ce, "Bismillah, Garba. Zuba."

"Kawu, don girman Allah ka fito."

"Ai na zauna ke nan. Ruwan da daɗi."

"Kawu, 'ya'yana ba su ci abin kirki ba tun yaushe! Kai kuma kana nan kana tausayin kwaɗo!"

"Ba kwaɗo nake tausayi ba. 'Ya'yan naka nake tausayi, na baɗi. Ka zuba wannan, yau ku ƙoshi. Gobe shanun Jauro su sha su faɗi, nonon da Inna ke samo wa yaranka ya yanke. Tsuntsu ya ci mataccen kifi ya bi shi. Ran da Allah ya kawo ruwa kuma, wa zai haifa muku kifin? Gwangwanin?"

Bulama ya matso ya ce, "Malam Ilu, a duba halin da jama'a ke ciki."

"Ranka ya daɗe, na duba. Ban hana kowa ci ba. A kawo koma mai manyan idanu, a shiga, a kama har gindin giyayya, har ma a ɗan wuce bana saboda lalura. Abin da ya zurare ta idon koma, rabonsa ne, a bar shi. Amma wannan abin, in za a zuba, a zuba da ni a ciki."

Ba wanda ya motsa. Garba bai ajiye gwangwani ba, Kawu bai tashi ba. Rana ta yi ta hawa. Na ga leɓen Kawu ya fara rawa saboda sanyin ruwa, ni kuma ina riƙe da riga ina karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa, don ta ƙare mini. Wani daga baya ya ce a shiga a ɗauko tsohon da ƙarfi. Samari biyu suka fara naɗe wando.

Sai ga Inna Hansai ta ɓullo ta cikin ƙonanniyar shinkafa, tana tafe tana faɗa tun daga nesa. Kowa ya saki ajiyar zuciya, don an san in akwai mai fito da Kawu daga ruwan nan, ita ce. Ta tsaya bakin tafki ta riƙe ƙugu.

"Malam! Da tsufanka, da ciwon gwiwarka, ka zo ka jiƙa kanka kamar tsamiya?"

"Hansai, koma gida."

Ta dubi Garba, ta dubi gwangwanin, ta dubi jama'a. Sai ta cire takalma, ta ƙara tamke zanenta, ta taka cikin ruwa tana salati saboda sanyin laka. Ta je dab da shi ta ce, "Matsa mini."

"Me kike yi haka?"

"Kai da kake malamin iri, a ina ka taɓa ganin an bar iri namiji kaɗai?"

Ta zauna, ruwa ya kawo mata wuya. Kawuna biyu, ɗaya da hula ɗaya da kallabi, suna kallonmu.

Ban san wanda ya fara dariya ba, ina jin Bulama ne. Ta bazu kamar wutar kara. Mutanen da suka manta yadda ake dariya suka riƙa riƙe ciki. Garba ya yi ƙoƙari ya ɗaure fuska, abin ya gagara, ya juya baya kafaɗunsa na rawa, kuma ni da nake kusa da shi na ga ba dariya kaɗai yake yi ba. Ya ajiye gwangwanin nesa da ruwa, ya tuɓe riga, ya shiga ya tallabo Inna, ni kuma na tallabo Kawu.

Da muka fito da shi, ƙafafunsa duk matsattsaku sun manne suna shan jini. Na durƙusa ina cirewa. Saura guda ɗaya, sai na ji ya ja numfashi zai yi magana. Inna ta nuna shi da yatsa.

"Wallahi Malam, ka faɗa, yau a tafkin nan za ka kwana!"

Ya haɗiye maganarsa.

Aka shiga su da koma yadda ya ce. Ba zan yi muku ƙarya ba, kifin da aka samu bai kori yunwa ba, ya dai rage mata kaifi na ɗan lokaci. Wasu gidaje sun tashi sun tafi cin rani ba su dawo ba. Akwai waɗanda suka daɗe ba sa amsa gaisuwar Kawu da sakin fuska, kuma ban ga laifinsu ba. Shi kuwa gwangwani, Garba ya zo da yamma ya tsuguna ya ce, "Kawu, yaya zan yi da shi?"

"Mayar wa mai shi. Duka. Ko ɗigo kada ya kwana a garin nan."

"Ba za a bar iri ba?"

"Wannan kam," in ji Kawu, "kada a bari."

A iya sanina, sau ɗaya ke nan a rayuwarsa.

Da Allah ya kawo ƙarshen fari, kogi ya cika ya malalo, Tafkin Iri ya tumbatsa ya haɗe da fadama. Ba a jima ba ƙananan kifi suka cika tsakanin shinkafa, kana tafiya suna tsunkulin ƙafarka. A nan dole in yi hattara. Ban ce duk daga tafkin Kawu suka fito ba, kogi ma ya zo da nasa, kuma ba wanda ya tambayi kifi asalinsa. Abin da na sani shi ne, masunta daga garuruwan da ke kusa a fadamarmu suka yi ta jefa taru a shekarar, kuma kwaɗin duniya kamar a wurinmu suka fara kuka.

Sai dai zaman ruwan nan ya bar wa Kawu tari a ƙirji wanda bai sake shi ba. Kullum ina cewa da ban gaya masa ba, da bai shiga ba. Da na faɗa masa haka sai ya ce, "Sarkin Zullumi, kai ma Allah ya yi ka da aikinka. Da ba ka iya damuwa ba, wa zai zo ya faɗa mini?" Ya ga damina mai kyau, ya ci sabuwar shinkafa, ya ga wata daminar ta kama. A cikinta ya cika, ruwa na shigowa fadama.

Ranar sadakar uku, da la'asar sakaliya, na shiga cikin gida in sallami wasu baƙi mata da suka zo daga wajen Kafin Hausa. Ɗaya daga cikinsu, tsohuwa ce, ba da mugun nufi ba, tana gyara mayafi ta ce, "Allah sarki Malam Ilu. Mai cewa a bar iri, a bar iri, ga shi shi bai bar ko ɗaya ba."

Na dubi Inna Hansai, don na san inda maganar ta taɓa. Tana zaune kan tabarma da carbi a hannu. Ba ta yi fushi ba. Ta ɗaga yatsa ta ce, "Yi shiru, Yaya. Saurara."

Muka yi shiru. Ta bayan danga kwaɗin fadama sun fara, ƙanana da manya, kowa da muryarsa. Balbelu suna wucewa ta saman gida layi-layi za su giyayya. Can nesa shanu na kuka, makiyayi na kiransu. A ƙofar gida kuma ga hayaniyar 'ya'yan Garba da Karfasa nawa, sun dawo da tarwaɗa a ƙwarya suna gardamar wanda ya kama babbar.

Inna ta ce, "Duk wannan surutun, gidan wa kike tsammani?"

Tsohuwar ta rufe baki da mayafi. Inna ta ci gaba da jan carbinta.

Har yau ba na iya cinye tuwo. In na kai hannu kan lomar ƙarshe sai in ji kamar an riƙe mini wuyan hannu, jikokina suna ta yi mini dariya, ni kuma ina tashi in kai gindin danga.

Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya jiƙan Inna Hansai da ta bi shi ba da daɗewa ba. Yadda suka zauna kafaɗa da kafaɗa a cikin ruwan nan, Allah ya zaunar da su haka a inuwar Aljanna. Ya yafe musu kurakuransu, ya sa duk bakin da ya sha a tafkin nan, na mutum da na dabba, ya zama shaida a gare su. Mu kuma da muka rage, ya Ubangiji, kada ka kwashe mutane irinsu duka daga cikinmu. Ka bar mana iri.

Amin.